Auta Ya Kwafe Ɗingishina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da yara? Muna lafiya, sai dai Auta ya ishe ni.

Wai jarumin wasan kwamfutar da yake haɗawa a makaranta dole ya yi tafiya irin ta mutane. Ya kafa mini kyamara yadda 'yan fim suke yi, na yi ta kai da komo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ja'irin ya kwafe har ɗingishina, kuma ya rantse sai Inna ta gani!

Ki riga shi, ki ce mata shaƙiyancina ne. Buhu ne kawai ya faɗo mini wajen lodi, har na fara taka ƙafar.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki marar jin magana