Haƙorin da Ke Gane Wake

Litinin, 3 ga Maris
An cire mini turamen haƙoran nan na ƙasa. Bakina kamar shagon da aka kwashe. Tun ina budurwa da su nake gane hatsi: in ɗauki ƙwaya in ciza, in ta ce ƙas ta bushe, in ta yi shiru mai kaya ya ƙara gaba. Duk layinmu cizona ake jira kafin a sauke buhu.

Alhamis, 6 ga Maris
Likitan haƙori ya ce hanya biyu ce. Ko na roba, a sa a cire, ko dashe, a kafa ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi. Na ce dashe, yau ma. Ya duba takardar gwajin jinina ya ce ba yanzu ba. Wai wannan ciwon maƙoƙo nawa, garkuwar jikina ce ke cin gida, sai jinin ya daidaita ƙashi zai riƙe ƙarfen da kyau. Na ce to a dasa ɗaya, ɗanɗano. Ya ce, "Hajiya, nan ba a tayi." Yaron da bai kai ƙanena ba!

Talata, 11 ga Maris
Sanyi, kasala. Ana zufa ni ina neman mayafi.

Asabar, 22 ga Maris
Na roba sun iso. Yawu ya ƙafe, ba sa kamawa. Ina tsakiyar ciniki suka zame, na mayar da abin tari. Mai Sikeli, maƙwabciyar rumfata, ta ce, "Yaya, amarcin baki ake?" Na ce ke dai gyara sikelinki. Ta gani. Babu abin da ba ta gani.

Laraba, 9 ga Afrilu
Waken da na ciza na ce ya bushe, ya yi fumfuna a buhu. Mai gidan abinci ta dawo da shi da kanta, gaban jama'a. Ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Robar ba ta gaya mini komai, ƙwaya da tsakuwa duk ɗaya. Yau an sauke kaya ba a kira ni ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Autata ta ce in bar rumfar in huta. In huta in zama me?

Litinin, 28 ga Afrilu
Gwaji ya ɗan yi kyau, wai a ƙara jira. To.
Da hantsi aka kawo masara. Na juya ƙwayar a hannu har mai kaya ya fara kallona. Sai na miƙa wa Mai Sikeli, na ce ciza mu ji ko kin iya. Na kai kunne kusa da kumatunta. Ba ƙas. Na ce da danshi, a mayar. Ta tofar ta ce, "Wallahi da danshi."
Gobe motar wake za ta zo. Na ce wa Mai Sikeli ta fito da wuri. Don dai ta koya ne.