Ɗakin Gishirin Maigidana

Assalamu alaikum Goggo Bara'atu,

Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan buɗe wa cikina. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Idan kin ga na yi ta zagaye-zagaye ki yi haƙuri, kaina ne ba daidai ba.

A Suleja muke, ni da maigidana da 'ya'yanmu huɗu. Ya yi aiki a wani kamfanin fasa dutse na masu ginin Abuja, shi ne a bakin injin niƙa. Kullum zai dawo fari fat har gashin ido, yara su yi ta yi masa dariya, shi ma yana taya su. Shekara goma sha uku yana wannan aiki. Bara tari ya kama shi, sai haki, har ta kai daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Kamfanin ya sallame shi daga aiki.

Muka je asibiti aka yi hoton ƙirji. Likita ya kira ni da ƙanin maigidan gefe, ya ce ƙurar dutse ta cika huhun ta ƙeƙashe shi, kuma abin da ya ƙeƙashe ba ya dawowa. Sai dai a lallaɓa. Ƙanin nasa ya roƙe ni kada in kuskura in faɗa masa, wai ba a karya wa mara lafiya zuciya, dangi kuma duk suka goyi bayansa. Muka ce da shi sanyi ne ya yi masa yawa. Wata takwas ke nan ina ɗauke da wannan ƙarya, ni da ko tsadar tumatir ban iya ɓoye masa ba.

Ana nan sai wani maƙwabcinmu, Injiniya Abdulsalami, wanda ya yi karatu a Rasha, ya zo dubiya. Ya ba shi labarin wai a can akwai ramukan haƙar gishiri da ake kai masu ciwon ƙirji su zauna su shaƙi iskar wurin, har da masu ƙaiƙayin fata, su fito da sauƙi. Mutumin kirki ne, hira kawai yake yi, amma da zan iya da na toshe masa baki ran nan. Maigidana ya riƙe maganar gam. Tunda ba zai iya zuwa Rasha ba, ya ce Rasha za ta zo gidansa.

Ɗan ɗakin ajiyarmu aka kwashe. Aka sayo gishiri buhu-buhu aka jera jikin bango, aka zuba wani a ƙasa, aka shimfiɗa tabarma a kai. Tagar ma ya sa aka toshe ta da tsumma da kwali don kada iskar gishirin ta fita. Yakan shiga da hantsi, ya fito azahar, ya koma bayan la'asar. Kuma kowace safiya sai ya sha kofi guda na ruwan gishiri. Goggo, a watannin farko na ga mijina ya dawo. Yana cin abinci, yana tsokanata, har ya fara maganar sana'ar da zai kama idan ya warke.

Sai damina ta sauka. Kin san laimar garin nan. Gishiri ya fara jiƙewa, buhuna na tsattsafar da ruwa, tabarma ta yi sharkaf. Hankalinsa ya tashi, ya ce maganinsa na narkewa. Ni da kaina, ba wanda ya sa ni, na kawo dabara. Na riƙa hura gawayi a kasko ina ajiyewa a ɗakin don gishirin ya bushe, shi kuma yana ciki, ƙofa a rufe. Gishiri ya bushe kuwa, har ya yaba mini. Sati shida muna haka.

Ran Talatar da ta wuce na leƙa kiransa salla na tarar da shi a kife, bai san inda yake ba. Da ƙyar muka ja shi waje ya farfaɗo. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, fatar ƙaurinsa ta tsattsage saboda zama kan gishiri, ko magana mai tsawo ba ya iyawa. Amma yana samun kansa abin da ya fara tambaya shi ne ko an hura wa gishiri wuta.

Abokin aikinsa Chukwuka irin wannan tari ya yi, watan jiya aka tafi da gawarsa garinsu. Wannan ma mun ɓoye wa maigidana, mun ce Chukwuka ya koma gida ne jinya.

Goggo, ina jin da hannuna na ƙarasa shi, kuma wannan tunani ya hana ni sukuni. Idan na kwashe gishirin nan na raba shi da abu ɗaya da yake tashi dominsa da safe, kuma dole in gaya masa dalili. Idan na bari, ɗakin zai kashe shi kafin ciwon. Dangi sun ce in yi shiru. Na gaji da shiru, kuma ina tsoron magana. Yaya zan yi?

Taki,
Wata baiwar Allah, Suleja

*

Wa alaikis salam 'yata,

Na kai wasiƙarki wurin wani likitan ƙirji kafin in ɗauki alƙalami, don haka ki saurara. Kaskon nan ya fita daga ɗakin yau, kada ki jira shawarar kowa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mai lafiya ma, balle wanda huhunsa ya gaza. A cire tsumman taga. Ruwan gishirin safe shi ma a daina, domin yana ƙara kumburin ƙafa kuma yana wahalar da zuciya. Ki mayar da shi asibiti cikin satin nan a duba kumburin da raunukan, a kuma gwada kakinsa. Masu ciwon ƙurar dutse tarin fuka yakan shige su, shi kuwa yana da magani, kuma yana iya kama yara.

Ba zan yaudare ki ba. Likitan da na tambaya abin da naku ya faɗa shi ya maimaita. Ko a can inda ake shiga ramin gishiri, ba ya gyara huhun da dutse ya ci. Gawayin ya cutar da shi, wannan gaskiya ne, amma ciwon ya riga kaskonki da shekaru. Kin yi kuskure cikin rashin sani, kina neman sauƙinsa. Ki nemi gafarar Allah ki sauke wannan kaya, domin akwai aiki a gabanki.

Danginsa ba mugunta suke yi ba. Sun ga yadda sa rai ya tashe shi ya ci abinci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka ban ce ki zubar da gishirin ba. Ki bar masa buhunansa, ya zauna kan kujera, taga a buɗe, idan ya narke ya narke. Amma ɓoye masa halin da yake ciki ya wuce lokacinsa. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana da haƙƙin ya bar wasiyya da bakinsa, ya nemi gafarar waɗanda yake son nema.

Kada ki ɗauki maganar ke kaɗai. Ki samu ƙanin nasa ki gaya masa kin yanke shawara, ku nemi likita ko wani dattijo da maigidan yake jin nauyinsa, a faɗa masa a hankali kina zaune kusa da shi. Zai yi baƙin ciki, wataƙila ya yi fushi da ku na 'yan kwanaki. Ki jure.

Bayan nan ki tambaye shi wa yake son gani, ina yake son zuwa, tun yana iya zama a mota. Waɗannan watanni su ne suka rage muku, kada ya ƙare su a bayan rufaffiyar ƙofa alhali 'ya'yansa na tsakar gida.

Allah Ya sassauta masa, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ƙarfin zuciya.

Taki,
Goggo Bara'atu