Burtuntuna a Irin Baba

Adda Sadiyya,

Ina gaishe ki. Yaya Baba da Inna, yaya ƙafar Kaka?

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Da zan baro Gwiwa na ƙulle ɗan irin dawar Baba a bakin zanena, na shuka a bayan ɗakin Goggo a nan Minna. Dawar nake zuwa kallo idan na gama aiki. Aikin ba yawa, hannuna ne kawai yake tsagewa da wanki.

Da dawar ta fitar da kai, sai ga burtuntuna, baƙin gari a maimakon ƙwaya. Maƙwabciyarmu Maman Peter, malamar gona ce, ta ce baƙin garin nan yana manne wa iri tun a masussuka. Yana shiga tsiro kafin ya yi ƙarfin kare kansa, ya ɓuya a ciki su girma tare.

Ashe burtuntunar gonarmu ba laifin ruwa ba ne, yadda Baba yake cewa. Ni ina jin nauyin faɗa masa. Ki lallaɓa shi ya cuɗa irin da magani kafin shukar baɗi. Allah ya tsare mana gonar.

Tawa dawar kuwa jiya na tuge ta na ƙone, duk da ita kaɗai na sani a garin nan.

Ƙanwarki,
Zara