Almakashin da na ɓoye a kayan Hajjin Inna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni tela ne a Hayin Banki, shagona bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Tun da aka canja kuɗi zuwa naira kowa ke cewa ƙasa ta yi arziki, ni dai ban gani ba, sai sallah ta matso ake jin ƙarar kekena. Wani abokina da muka koyi ɗinki tare yana Jidda, ya aiko min cewa can tela ba ya zaman banza. Na je neman izinin tafiya aiki, aka ce sai in akwai wanda ya kira ni daga can, ni kuwa babu wani mai ɗaukar aiki a can da ya san da zamana. Abokin ya ce hanya ɗaya ce, in bi alhazai, in an gama in maƙale, daga baya a nemi Balaraben da zai tsaya min a yi min takardar zama.

Ana haka sai Yayana, ma'aikacin gwamnati ne a Unguwar Sarki, ya biya wa Innarmu Hajji. Aiki ya hana shi zuwa, ya ce ni zan zama muharraminta. Wallahi murnar da na yi ba ta ganin ɗakin Allah ba ce, kuma ina jin kunyar faɗin haka. Matata kaɗai na gaya wa niyyata ta maƙalewa, muka yi faɗa sosai, ta ce idon Inna ya yi rauni, ko gidan maƙwabta ba ta shiga sai an riƙe ta, wa zai dawo da ita? Na ce ai matan ayarinmu za su kula da ita. Ta ce in maimaita maganar in ji ko ta yi min daɗi a baki. Na kasa.

Jiya Inna na shirya kaya, tana ƙulla kuka da daddawa da yaji, sai hannunta ya taɓa babban almakashina da na naɗe a tsumma na tura ƙasan akwati. Ta shafa shi, ta yi murmushi ta ce, "Auta, har ka tanadi abin da za ka yanke min gashi in mun gama aikin? Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu riƙe hannunka yadda za ka riƙe nawa." Na ce amin, ban iya ɗaga kai ba.

In na faɗa mata gaskiya yanzu, Yaya zai sa wani a madadina, damar ta wuce ke nan. In na yi shiru, ni zan saki hannunta a filin jirgin Jidda, ta juya tana laluben inda nake. Almakashin yana nan cikin akwati, ita ta mayar da shi da hannunta har da bisimilla.

Jama'a, in cire shi ko in bar shi?