Fastar da Baba Ya Yaba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, kin san alamar warkewarta ke nan. Baba kuwa yana nan yadda kika bar shi.

Ni ma ina nan a ɗan ɗakina na bayan maɗaba'a, daga ni sai kwamfuta sai ƙarar injin buga takardu. Tun da kika tafi na rasa wanda zan nuna wa zane in ce duba. In mu 'ya'yan Baba mun taru a gida, a tambayi Likita labarin asibiti, a tambayi Malam makaranta, ni kuwa a tambaye ni ko na ci abinci. Har gobe in baƙi sun tambayi Baba aikina, cewa yake ina ɗan taɓa fenti kafin Allah Ya kawo aiki. Abin yana ci mini rai, Yaya.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da ta kusa gama sakandare ta ce ita ma zane za ta karanta. Baba ya ce atafau, asara ɗaya ta ishi gida, yana faɗa yana kallona. Yarinyar nan ta yi kuka har ta rame.

Ana cikin haka shugabar makarantarsu ta zo buga sanarwar taron iyaye, tana ƙorafin yadda ake janye yara daga ajin zane. Na roƙe ta ta bar ni in yi musu fastoci. Na ɗauki hoton kwalayen magani guda uku na goge komai a kwamfuta, ba rubutu, ba launi, suka zama farare fat. A ƙasa na rubuta: Da babu mai zane, wanne za ka sha? Haka na yi wa allon kan hanya da bangon littafin karatu. Aka manna su a zauren taro.

Auta ta ce Baba ya daɗe tsaye gaban fastar maganin nan, hannuwa a baya. Da ya dawo ya tara mu, ya ce yau ya ga aikin masu ilimi, kuma ya amince Auta ta je ta karanta. Sai ya juyo kaina, ya ce in je in buɗe ido in kalla, in nemo wanda ya yi su, in durƙusa ya koya mini ko na zama mutum. Kin san mu ba ma sa suna a jikin aiki. Na buɗe baki ke nan Mama ta taka mini ƙafa. Daga baya ta ja ni madafa, ta ce in ya ji daga hannuna abin ya fito zai ce haɗa baki muka yi, ya janye maganarsa. Ta ce in yi shiru sai yarinyar ta gama. Gaskiyarta, an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Auta ta fara karatu, sai murna take. Ni ma ina taya ta, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na yanzu ba. Don Allah ko a waya kada ki bari sirrin nan ya suɓuce miki. Duk zuwana gida sai Baba ya tambaye ni ko na samo mutumin, ni kuwa in ce masa ina kan nema.

Ki gaishe mini da maigidan, da surukarki, da 'yan biyu, da ɗanki Sarkin Rigima. Mama da Auta suna gaishe ki. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Ƙaninki