Rigar Yaya Daeng

Litinin, 4 ga Maris
Yaya Daeng ta rasu. Ita ta fara aske mini kai, ita ta koya mini gyaran babur. Na kasa kuka.

Talata, 5 ga Maris
Na je haikali zuba mata ruwan bankwana a hannu kamar yadda aka saba yi wa mamaci, na tarar an ɗaura mata zane, an shafa mata jan-baki. Jan-baki! Matar da duk garin Khon Kaen ba wanda ya taɓa ganinta ba wando. Na ce wa ƙanwarta Somjit, "Anti, wace ce wannan kuka kwantar?" Ta ce, "Mace aka haife ta, a mace za ta tafi." Saura kaɗan in watsa mata ruwan a fuska.

Ran Juma'a za a ƙone gawar. Rigarta ta kaki tana shagona, har da tabon baƙin mai. Da ita za ta tafi, ko a yi ta.

Laraba, 6 ga Maris
Taron ƙungiyarmu ta 'yan tom. Matasan sun sayo furannin ta'aziyya, sun rubuta "ɗan'uwanmu". Shawarar Ploy ce, mai ƙaƙale, wai "tom" tsohuwar kalma ce ta raini. Na buga tebur. Daeng da bakinta take cewa ita tom ce, mace mai rayuwar maza, ba namiji ba. A kan kalmar nan aka tofa mana yawu tun ba a haife su ba. Dangi sun yi mata kwalliya, su kuma sun canza mata suna, kowa yana yanka mata rigar da ta yi masa.

Ploy ta ce, "Gaskiyarki, Yaya. To ni fa? Tun bara nake roƙonki ki kira ni Phum, na ce miki ni namiji ne."

Rashin kunya. Na tashi na bar taliyata.

Alhamis, 7 ga Maris
Somjit ta hana ni zuwa kusa da akwatin gawar. To, na zage ta.

Juma'a, 8 ga Maris
Yarinyar nan Ploy ta zo ta karɓi rigar a hannuna. Ta durƙusa gaban Somjit, ta haɗa tafukanta. "Anti, ki bar zanen. Amma tunda ana sa wa mamaci kayan tafiya, ga wannan. Kin san idan ta isa can, aiki za ta nema." Somjit ta yi dariya, sai hawaye. Ita ta ninke rigar a ƙirjin Daeng, ta goge jan-bakin da babban yatsa.

Rubutun furannin kuma an gyara: "Daeng, tom ɗinmu."

Har yanzu raina a ɓace yake. Ban ma san da wa ba.

Lahadi, 10 ga Maris
Phum ya kawo babur ɗinsa, wai birki. Na duba, lafiyarsa lau. Na dafa masa taliya. Surutunsa dai yana nan.

Sai da ya tafi kukan ya zo.