Kwansaye Takwas Da Na Cusa A Jakar Babana

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup, ƴaƴana da jikokina, don na san da wuya a samu sa'ana a cikinku. Don Allah ku ba ni shawara, kai ya kulle. Murya na aika wa admin na roƙe shi ya rubuta ya ɓoye sunana, sunayen da za ku ji ma duk na sake su. Ni tsoho ne a Gaya ta wajen Dosso, na haura tamanin, kuma wata magana ce ta zamanin Nasara ta tashi ta shaƙe mini wuya yanzu da ƙafata ɗaya take kabari.

Babana maharbi ne. A duk yankinmu na bakin gulbi shi kaɗai kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, ya ba farmi, wato takardar izini, na riƙe bindiga mai sakata, saboda dorina da ke fitowa tana cinye wa mutane shinkafa. To kartushi, wato harsashi, ba a samunsa yadda kuke zato, sai an rubuta takarda an aika Dosso a zauna jira, wata da watanni. Shi ya sa in ya harba ba ya yar da kwanson, jan ƙarfen nan da ke fitowa fanko, sai ya tsince shi ya sake cika shi da hannunsa. Kwanso in an harba shi yana ɗan kumbura, sai an matse shi kafin ya koma cikin bindiga. Amininsa Baba Sani maƙeri shi ya zauna ya ƙera masa wani bututun ƙarfe daidai bindigar, muna ce masa mamatsi, a shafa wa kwanso man kaɗanya a tura shi ciki ya koma yadda yake. Shekara da shekaru ana haka ba a taɓa samun matsala ba. Baba yana da doka guda ɗaya, kowace bindiga da kwansonta, ba a haɗawa, kwansayensa ashirin ne kuma ni ke riƙe jakar don ni ke tuƙa masa jirgin ruwa, lokacin ina saurayi ɗan sha bakwai, kai na rawa.

Wata rana ina wanke jirgi, wasu ƴan mata suna ɗiban ruwa, na tsaya ina musu iyayi ina wurga jakar sama ina cafewa. Bakinta ya kwance, kwansaye takwas suka zube a gulbi. Na yi nutso har idona ya yi ja, ko ɗaya ban samu ba. Baba mutum ne mai zafi, wallahi gara dorina ta tare ni da in je masa da wannan labari. Ana nan sai aka ɗauke ni in tuƙa wani Nasara da ya zo farauta, yana harbi yana zubar da kwansaye a cikin jirgi kamar ɓawon gyaɗa. Na duba gindinsu, rubutun iri ɗaya ne da namu, tsawo ɗaya, komai ɗaya. Na ce Allah ya rufa mini asiri, na tsinci takwas na goge su da toka na cusa a jakar Baba.

Daga nan masifa ta fara. Baba ya matse kwansaye ya cika su, ya zo gwadawa, wannan ya shiga, wannan ya shiga, na uku ya je rabi ya tsaya, sakata ta ƙi rufewa. Ya fitar ya sa wani, ya shiga lafiya. Ya sa wani, ya ƙi. Kai jama'a, mako guda cur gidanmu ba zaman lafiya. Da farko ya ce tsatsa ce, ya naɗe tsumma a kara ya goge cikin bindiga har tsumman na fitowa fari tas, suka ƙi shiga. Ya ce ko man ne ya yi yawa, ya wanke su ya shanya, suka ƙi. Ya ce ko bakinsu ne ya yi tsawo, ya ɗauki zarto ya rage, suka ƙi. Ya mayar da su cikin mamatsi yana duka da guduma har ya fasa ɗan yatsansa, banza. Innarmu ta ce masa ko baki ne aka sa wa bindigar, ya daka mata tsawa, amma da yamma na gan shi yana yi wa bindigar turare a ɓoye. Ni kuma ina tsugune gefe ina miƙa masa zarto, ina cewa to Baba ko a ƙara gogewa. Yau in na tuna wannan kalmar tawa ji nake kamar in mari kaina.

Ranar bakwai ya kwashi komai muka tafi maƙera. Baba Sani bai yi gardama ba, ya kunna fitila da rana tsaka, ya riƙa kanga kwanson da ya ƙi shiga a kan hayaƙi har ya yi baƙi ƙirin, ya tura shi cikin bindiga a hankali ya zaro. Baƙin duk yana nan sai daf da gindi, nan ya goge, jan ƙarfe na ƙyalli kamar zobe. Ya yi wa guda takwas haka, duk wuri ɗaya. Sai ya ce wa Baba mamatsinsa sama yake kamawa, don bindigar Baba ba ta taɓa kumbura kwanso a gindi ba, waɗannan kuwa sun kwana a cikin wata bindiga mai faɗin ciki, ba na gidan nan ba ne. Mutumin nan bai je lakwal ba, makarantar Nasara ke nan, bai san ko bihim a boko ba, amma da fitila ɗaya ya kama gaskiya.

Baba ya juyo ya tambaye ni a gabansa ko na taɓa jakar nan, ko na haɗa da na wani. Na ce a'a. Sau biyu ya tambaya, sau biyu na ce a'a. Sai ya hau Baba Sani, ya ce ɗansa ba ya ƙarya, ƙarfen Sani ne ya buɗe don ya yi ha'inci wajen ƙira, yanzu yana neman ya ɗora wa yaro. Baba Sani ya dube ni, ya hure fitilarsa.

Da ma a ce a nan abin ya tsaya. A cikin takwas ɗin akwai guda da ke shiga in an ɗan danna, Baba ya haɗa shi da masu kyau don kartushi ya yi ƙaranci, ni na gane shi sarai saboda wani ɗan karce a jikinsa, na yi shiru. Bayan kwana kaɗan manoma suka zo, dorina ta gama da gonaki uku. Muka fita gari na wayewa, Baba ya harba ya same ta amma ba ta faɗi ba, ta juyo kan jirginmu. Ya ja sakata ya tura na biyu, sai ga mai karcen. Ya danna, ya buga da tafin hannu, ta ƙi rufewa. Dorina ta kife mu. Ni na fita lafiya ko ƙwarzane babu, Baba kuwa ta murƙushe masa ƙafa, Sarkawa masu kamun kifi ne suka tsamo shi. Har ya koma ga Allah da sanda yake tafiya, farmin ma aka karɓe.

Da ya tashi daga jinya, ranar kasuwa ya sa aka kai shi gaban rumfar maƙera ya faɗa wa duniya cewa Sani ne ya cinye masa ƙafa, ya jefa masa mamatsin. Daga ranar aka laƙaba wa gidansu suna, gidan Ƙi-Shiga. Manomi ko fartanya ba ya kai masa. Kafin damina ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya ƙetare gulbi zuwa Dahomey, can ya rasu, bai sake taka Gaya ba. Har yau in jikokin gidansa da suka dawo Gaya sun yi faɗa da yara, abin da ake jefa musu ke nan, alhali yaran ba su ma san me ya ƙi shiga ba.

To ga inda nake. Illo ɗan Baba Sani sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Ya dawo Gaya shekarun baya, ido ya yi rauni, kuma duk garin nan ba wanda ya riƙa da amana kamar ni. Kowace Juma'a bayan masallaci yana zuwa zaurena da busasshen kifi, kuma mamatsin nan yana aljihunsa, babansa ya bar masa. Shi ma maƙeri ne, sai ya ciro shi ya riƙa zura ɗan yatsa yana lalube, yana cewa aboki ni fa na auna ƙarfen nan ya fi sau ɗari, ban ga inda tsoho ya kuskure ba, amma dole akwai. Wani mako ya ce ko wuta ce ba ta ishe shi ba, wani mako ya ce ko guduma ce ta buɗe shi. Ni kuma ina zaune ina cin kifinsa ina cewa Allah masani. Haba, wane irin mutum ne ni?

Ba wai ban gwada ba. Na kira manyan ƴaƴana biyu na faɗa musu komai, babban ya ce Baba don Allah ka bar kaza cikin gashinta, duk waɗanda abin ya shafa sun mutu, in ka tona ka mayar da kakanmu azzalumi kai kuma maƙaryaci, mu ina za mu sa kanmu a garin nan. Ƙaramin ya ce in yi sadaka da rago in yi istigfari, shi ke nan. Na ce rago zai goge sunan Ƙi-Shiga ne? Suka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Raina ya ɓaci na kore su, yau kwana goma ba wanda ya leƙo ni a cikinsu. Kuma gaskiya ba su kaɗai ba ne, ni ma tsoro nake ji. Illo ne kaɗai ya rage mini wanda ya san ni da baƙin gashi, in na faɗa masa ya tashi ya fita, wa zai zauna da ni?

Abin da ya hana ni sakat shi ne Juma'ar da ta wuce. Illo ya ce mini ya gaji da aune-aune, ya yarda babansa ya yi kuskure, ɗan Adam ne. Ya ce yana jin kwanansa ya ƙarato, ba ya son ya je ya tarar da tsoho da haƙƙin ƙafar mutum a wuyansa. Don haka Juma'a mai zuwa zai taho da ƴaƴansa da liman, ya durƙusa a zaurena ya nemi gafarata a madadin babansa, tunda ni ne magajin Baba, daga nan mu je tare ya jefa mamatsin a gulbi.

Jama'a yau Talata. In je gidansa gobe in faɗa masa mu biyu, ko in bari sai ƴaƴansa da liman sun taru in faɗa a gaban kowa tunda a gaban kowa aka ɓata babansa? Ko in bi ta ƴaƴana in ja bakina? In na ja bakina kuwa, ku gaya mini da wane harshe zan dubi makahon nan yana durƙushe a gabana in ce masa na yafe.